Takardun Misisipi: yadda masu wariyar launin fata suka rubuta laifinsu da hannunsu

Duk wanda ya ɗan leƙa tarihin baƙaƙen fatar Amurka ya san hotunan nan da ake yawan yaɗawa, famfon shan ruwa biyu a jere ɗaya na farare ɗaya na baƙaƙe, ko karen 'yan sanda ya cafki rigar wani yaro a Birmingham a 1963, ko Martin Luther King yana jawabi a Washinton. Hoto kam akwai shi birjik. Amma hoto iyakarsa ya nuna maka abin da aka yi a bainar jama'a, ba zai gaya maka wa ya zauna a ofis ya kitsa abin ba, wa ya sa hannu aka fitar da kuɗi, wa ya kai tsegumi. Wannan sai takarda. Kuma abin da ya fi ɗaure min kai a harkar nan shi ne takardun da suka fi tona asirin wariyar, su masu yin ta ne da kansu suka zauna gaban tafireta suka buga, suka yi kwafi, suka jera a fayil tsaf-tsaf da lamba da kwanan wata.

Bari mu ɗauki jiha ɗaya tak, Misisipi, don a nan ne abin ya fi fitowa fili.

A ranar 17 ga Mayu 1954 kotun ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar da ake kira ta Brown cewa raba makarantun gwamnati, na farare daban na baƙaƙe daban, ya saɓa wa tsarin mulki. Jihohin kudu suka ce ba su san zance ba. Shekara biyu bayan nan, a 1956 zamanin gwamna J.P. Coleman, majalisar Misisipi ta kafa wata hukuma mai suna Sovereignty Commission, wai hukumar kare ikon jiha daga katsalandan ɗin gwamnatin tarayya, aka ware mata dala dubu 250 tun tashin farko. Sunan dai kamar na mutanen kirki. A zahiri kuwa ofishin leƙen asiri ne da farfaganda, gwamna ne shugabanta, aikinta ta bi diddigin duk wanda ake zargin yana son a daina wariya, malamin makaranta ne ko limamin coci ko ɗalibi ko manomin da kawai ya je ya ce a yi masa rajistar zaɓe. Ka tuna kuma kuɗin harajin jama'a ne ake biyan ma'aikatanta da shi, har da harajin baƙaƙen da ake bibiya, a jihar da a lokacin sun haura kashi 40 cikin 100 na mutanenta amma zuwa 1964 waɗanda ke da rajistar zaɓe a cikinsu ba su kai kashi 7 cikin 100 ba.

Yadda suke aikin ba wani abu ne mai wuyar ganewa ba. Jami'i zai shiga mota ya je gari, ya gana da shugaban 'yan sandan gunduma, da manajan banki, da mai gidan da mutum yake wa aiki, ya tambayi wa yake bin sa bashi, ina yake zuwa da dare, wace mota ce ke tsayawa a ƙofar gidansa. In an yi taro a coci sai a bi layin motocin da aka faka a rubuce lambobinsu kaf. Ya dawo Jackson, babban birnin jihar, ya buga rahoto. Bayan kwana biyu sai ka ji an kori malam daga aiki, ko banki ya ce a biya bashi yanzu-yanzu, ko mai gona ya tashi iyali daga filinsa, kuma ba wanda zai gaya maka daga ina iskar ta kaɗo. Hukumar ta kuma riƙa tura kuɗi ga ƙungiyar fararen fata masu kare wariya ta Citizens' Council, sama da dala dubu 190 a farkon shekarun 1960 lokacin gwamna Ross Barnett. Kuma da ɗan gari akan ci gari, akwai baƙaƙen fata da ake biya suna kai rahoto, har da wani da ya shige cikin haɗakar ƙungiyoyin fafutuka a 1964 wanda a fayil ake rubuta shi da Agent X, sannan takardun sun nuna an biya Percy Greene mai jaridar Jackson Advocate, jaridar baƙaƙe ce fa.

A 1973 gwamna Bill Waller ya ƙi sa hannu a kasafin hukumar, ta mutu murus, a 1977 aka rushe ta a hukumance. To a nan rigimar takardu ta fara. Wasu 'yan majalisa cewa suka yi a cinna musu wuta kawai kowa ya huta. Daga ƙarshe aka tsaya a kan a kulle su shekara 50, kada a buɗe sai 2027. Lissafin a fili yake, kafin lokacin duk mai hannu a ciki ya riga mu gidan gaskiya. Ƙungiyar lauyoyin kare 'yanci ta ACLU ta garzaya kotu a shekarar, aka yi ta ja-in-ja, a 1989 alƙalin tarayya William Barbour ya ce a buɗe, amma ɗaukaka ƙara da wasu matsaloli suka ja abin har 17 ga Maris 1998. Shekara 21 ana shari'a kan akwatunan takarda. Da aka buɗe aka tarar da shafuka sama da dubu 100 da sunayen mutane kimanin dubu 87, kuma tun 2002 ma'adanar tarihi ta jihar ta ɗora su a intanet, ko kana Kano ko Maradi in kana da data za ka iya buga suna ka gani.

Me ya sa aka daɗe haka? Ba gwamnati kaɗai ce ta ja ƙafa ba, kuma nan ne mutane da yawa ba su fahimta. Cikin 'yan fafutukar kansu an rabu biyu. John Salter da Rabaran Ed King, waɗanda sun sha duka da ɗauri a gwagwarmayar Jackson, su suka tsaya a kotu suna cewa a yi hattara, domin fayil ɗin cike yake da ƙarya da ƙazafi. Ɗan rahoton da ake biya kuɗi dole ya kawo labari ko akwai ko babu, in bai samu ba ya ƙirƙira, wane ɗan kwaminis ne, wance tana bin maza, wane mashayi ne. In ka buɗe wannan ga duniya ba tare da tacewa ba ka sake cutar mutumin da aka riga aka cuta, jikokinsa su buɗe su karanta sharrin da wani ɗan tsegumi ya yi masa a 1962 su ɗauka gaskiya ne tunda ga shi da hatimin gwamnati. Maganarsu tana kan hanya wallahi. Matsayar da kotu ta ɗauka ita ce a raba mutane gida biyu, waɗanda aka yi wa leƙen asiri suna da damar su ga abin da aka rubuta a kansu, su nemi a rufe sunansu ko su ƙara nasu bayanin a fayil, su kuwa jami'ai da 'yan kai rahoto ba su da wannan gatan. Ni a ganina wannan ne adalci mafi kusa da za a iya samu, ko da yake ya ci shekaru.

Yanzu bari in nuna maka abin da takarda take iya yi, da labarin Clyde Kennard, wanda ni duk cikin labaran nan shi ya fi tsaya min a rai.

Tsohon soja ne, ya yi aiki a Jamus da Koriya, ya yi shekara uku yana karatu a Jami'ar Shikago, sai ya dawo gida kusa da Hattiesburg a tsakiyar shekarun 1950 don ya taimaki mahaifiyarsa da gona, yana kiwon kaji. Abin da yake so kawai ya ƙarasa digirinsa a kwalejin da ke kusa da gidansu, Mississippi Southern, wadda ba ta ɗaukar baƙaƙen fata. Ya nema, aka hana, ya sake nema. Sai hukumar ta sa jami'inta Zack Van Landingham, tsohon ma'aikacin FBI, hukumar binciken laifuka ta tarayya, ya tono duk wani abin kunya a rayuwarsa. Mutumin nan ya bi makaranta, ya bi banki, ya bi tarihin aikin sojansa, bai samo komai ba, hasali ma rahoton nasa ya nuna waɗanda suka san Kennard suna yabon hankalinsa da ladabinsa. Ka ga ikon Allah, shaidar kirkin mutum mafi ƙarfi ta fito daga alƙalamin wanda aka aika ya ɓata shi. A cikin takardun dai har akwai inda aka rubuta shawarwarin da wasu suka kawo na a haɗa masa hatsarin mota ko a ɗana wa motar nakiya, an rubuta su kamar ana lissafin kayan ofis.

A Satumba 1959 ya je kwalejin, yana fitowa aka kama shi wai tuƙin ganganci, wai kuma an ga barasa a motarsa, mutumin da kowa ya san ba ya sha. Shekara ta zagayo aka ce ya sa wani yaro ɗan shekara 19, Johnny Lee Roberts, ya sato masa abincin kaji buhu biyar na dala 25. Masu taya alƙali yanke hukunci, farare zalla, minti 10 suka yi suka dawo. Shekara bakwai a kurkukun Parchman, inda fursunoni ke noman auduga daga safe har faɗuwar rana. Shi yaron da ya yi satar ko kwana bai yi a Parchman ba. Kennard ya kamu da kansar hanji a can, aka ci gaba da fitar da shi gona, sai da surutu ya yi yawa Barnett ya sake shi a farkon 1963, ya rasu a Shikago ranar 4 ga Yuli na shekarar, ranar bikin 'yancin Amurka, yana da shekara 36. Ɗan jarida Jerry Mitchell na jaridar Clarion-Ledger shi ya fito da takardun hukumar a kan Kennard, daga baya a 2005 ya samu Roberts, wanda ya amsa cewa Kennard bai sa shi satar komai ba. A Mayu 2006 kotu ta soke hukuncin. Shekara 43 da binne shi.

Shi wannan Mitchell ɗin tun kafin a buɗe rumbun wani ya zuro masa shafuka sama da dubu 2 ta bayan gida, kuma da su ya tayar da maganar Medgar Evers. Evers shi ne wakilin ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙen fata ta NAACP a jihar, aka harbe shi ta baya a ƙofar gidansa a Jackson da tsakar daren 12 ga Yuni 1963, matarsa da 'ya'yansa uku suna ciki. An tsinci bindigar, an ga zanen yatsan Byron De La Beckwith a jikin madubin saitinta, an gurfanar da shi sau biyu a 1964, duka biyun masu yanke hukunci farare zalla suka kasa cimma matsaya, ya koma gida abinsa. Barnett ma da ya sauka daga gwamna har cikin kotu ya shiga ya yi musabaha da shi. Abin da Mitchell ya buga a Oktoba 1989 shi ne, a shari'a ta biyu, jiha ce ke tuhumar Beckwith da hannun dama, da hannun hagu kuma hukumarta tana bincika wa lauyoyinsa asalin mutanen da za a zaɓa su yanke hukunci, wane namu ne wane ba a yarda da shi ba.

Amma a lura, wannan takardar ita kaɗai ba ta ɗaure kowa ba. Da aka bincika ba a samu hujjar cewa an sayi masu yanke hukuncin ba. Abin da ta yi shi ne ta sa kunya ta kama ofishin mai gabatar da ƙara har ya sake buɗe fayil, da ya buɗe kuma sai ya tarar kusan wayam, rubutaccen bayanin shari'ar 1964 ya ɓace, bindiga ta ɓace. Myrlie Evers, matar marigayin, ita ta fito da nata kwafin bayanin shari'ar da ta adana shekara da shekaru. Bindigar kuwa, abin dariya abin takaici, a gidan surukin mai gabatar da ƙarar Bobby DeLaughter aka same ta, tsohon alƙali ne da ya ɗauke ta ya ajiye a cikin tarin bindigoginsa. A ranar 5 ga Fabrairu 1994 aka samu Beckwith da laifi yana da shekara 73, ya mutu a tsare a 2001. Wato rumbun gwamnati ya ba da bakin zare, amma jakar takardun bazawara ce ta ƙarasa aikin, shi ya sa masana tarihin nan ba sa yarda su dogara da fayil ɗin hukuma kaɗai, sai sun haɗa da wasiƙun iyali, da takardun NAACP da ke laburaren majalisar dokoki a Washinton, da jaridun baƙaƙe irin su Chicago Defender da mujallar Jet, da hirarrakin da aka naɗa da tsofaffin da suka ga abin da idonsu.

Haka ma kisan matasa uku 'yan fafutukar yaƙi da wariya, James Chaney da Andrew Goodman da Michael Schwerner, ranar 21 ga Yuni 1964 a gundumar Neshoba, waɗanda sai bayan kwana 44 aka tono gawarwakinsu a cikin wata madatsar ruwa ta ƙasa. Takardun sun nuna hukumar ta daɗe tana bibiyar Schwerner, tana da bayanin motar da lambarta, kuma irin waɗannan bayanai 'yan sandan yankin take miƙa wa, alhali mataimakin shugaban 'yan sandan Neshoba, Cecil Price, yana cikin waɗanda suka kitsa kisan. Edgar Ray Killen, mai wa'azin da ya tara makasan, ya tsira a 1967 saboda mace ɗaya cikin masu yanke hukunci ta ce ita ba za ta iya kama malamin coci da laifi ba. Abin da ya taimaka aka dawo kansa wata hira ce da shugaban 'yan Ku Klux Klan na jihar, ƙungiyar fararen fata masu ta'addanci kan baƙaƙe, wato Sam Bowers, ya yi da ma'adanar tarihi bisa sharaɗin ba za a buɗe ba sai bayan ransa, inda ya yi alfaharin cewa shi an ɗaure shi amma babban mai kitsa abin ya fita kotu salin-alin. Hirar ta zurare ta isa hannun Mitchell. An samu Killen da laifi ranar 21 ga Yuni 2005, shekara 41 cif.

Wani abu kuma da hukumar ta adana ba da niyyar alheri ba shi ne hotunan da 'yan sanda suka ɗauki matasa sama da 300 da aka kama a Jackson a 1961, waɗanda suka shiga motocin safa farare da baƙaƙe tare don karya dokar wariya a tashoshi. Kowa da allon lamba a ƙirji, wasu fuska a murtuke, wasu har da ɗan murmushi, ga fitattun 'yan fafutuka John Lewis da Stokely Carmichael suna samari. An ajiye su ne a matsayin kundin masu laifi, yau su ake rataye wa a gidan tarihi.

Wanda ya taɓa buɗe fayilolin Turawan mulkin mallaka a ma'adanar Kaduna ya san wannan yanayin, Di'o ne ke magana daga farko har ƙarshe, talaka ba ya fitowa sai in ya ƙi biyan haraji ko ya yi laifi. Haka za ka karanta na Misisipi. In jami'i ya rubuta cewa ya je gari kaza baƙaƙen wurin sun ce suna jin daɗin zamansu ba sa son masu tayar da fitina, kada ka ɗauka ra'ayinsu ka ji, tsoronsu ka ji, don wa zai gaya wa farin mutum mai littafin rubutu a hannu, wanda ya zo tare da ɗan sanda, abin da ke cikinsa? Abin da za ka gaskata a fayil shi ne abin da marubucin ya faɗa a kan kansa ba tare da ya san yana tona wa kansa asiri ba, rasit ɗin kuɗi, umarnin da aka ba shi, wanda ya kira a waya, ranar da ya kira.

Gwamnatin tarayya ma ba wankakkiya ba ce. FBI ƙarƙashin shugabanta J. Edgar Hoover tana da nata shirin leƙen asiri da ɓata 'yan fafutuka, COINTELPRO, daga 1956 zuwa 1971, kuma shi ma ba da son ransu aka sani ba. Wasu 'yan adawa da yaƙin Biyetnam ne suka fasa wani ƙaramin ofishin FBI a garin Media na jihar Pensilbaniya daren 8 ga Maris 1971, daren da duniya ta tattara hankali kan damben Muhammad Ali da Joe Frazier, suka kwashe takardu sama da dubu suka aika wa jaridu, ba a taɓa kama su ba, sai a 2014 wasunsu suka bayyana kansu. Daga nan aka bi sawu har kwamitin Sanata Frank Church a 1975 ya fito da maganar wasiƙar da FBI ta aika wa Martin Luther King a 1964 ba suna, haɗe da kaset, wadda shi King ya fahimce ta a matsayin ana tunzura shi ya kashe kansa. Cikakken kwafinta wanda ba a goge komai ba, wata malamar tarihi Beverly Gage ce ta ci karo da shi a ma'adanar ƙasa a 2014. Su kuma kasa-kasan da aka naɗa a ɗakunan otal ɗinsa, wani alƙali ya kulle su a 1977 na shekara 50, zuwa 2027, kuma muhawarar Salter da Ed King ce take dawowa sabuwa: haƙƙin jama'a ne su sani, ko kuwa ƙarasa wa Hoover aikinsa za a yi?

Sannan akwai abin da babu shi kwata-kwata, wanda ba ya nufin bai faru ba. Ba wanda zai iya rantsuwa cewa abin da aka buɗe a 1998 shi ne duk abin da hukumar ta taɓa rubutawa, tunda shekaru takardun suna hannun waɗanda abin ya shafa. A Tulsa ta jihar Oklahoma, inda aka ƙone unguwar baƙaƙe ta Greenwood a 1921, da aka zo ɗaukar hoton tsofaffin jaridu don adanawa sai aka tarar an yage labarin da jaridar Tulsa Tribune ta buga ranar da wutar ta tashi. Wasu kuma ba yagewa aka yi ba, sakaci ne kawai, suna can cikin kwali a ɗakin ƙasa na kotu ƙura ta rufe. Hoton Rosa Parks ɗin nan riƙe da lamba 7053 a irin wannan wurin wani jami'i ya tsinto shi a Montgomery a 2004, kuma ba na ranar da ta ƙi tashi daga kujerar bas a Disamba 1955 ba ne kamar yadda ake yaɗawa, na kamun da aka yi mata ne a Fabrairu 1956 lokacin ƙaurace wa motocin.

Na Emmett Till ya fi ciwo. Yaro ɗan shekara 14 daga Shikago, aka ɗauke shi daga gidan mijin 'yar'uwar kakarsa a Agusta 1955 saboda wata farar mata mai shago, Carolyn Bryant, ta ce ya yi mata rashin kunya, aka kashe shi aka jefa a kogin Tallahatchie. Mijinta Roy Bryant da ɗan'uwansa J.W. Milam kotu ta wanke su cikin awa ɗaya da 'yan mintuna, bayan wata huɗu suka sayar wa mujallar Look labarin yadda suka yi kisan, tunda doka ta hana a sake gurfanar da su kan laifi ɗaya. Bayanin shari'ar ya ɓace shekaru, sai da FBI ta sake buɗe binciken a 2004 aka samo wani kwafi da ya kusa gogewa. A Yuni 2022 wasu masu bincike tare da dangin Till suka shiga ɗakin ƙasa na kotun gundumar Leflore suna bin kwalaye ɗaya bayan ɗaya, suka zaro takardar sammacin kama Carolyn Bryant mai kwanan wata 29 ga Agusta 1955, wadda ba a taɓa kai mata ba, don a lokacin shugaban 'yan sandan ya ce ba ya son ya takura wa mace mai ƙananan yara biyu. Aka kai maganar gaban masu tantance tuhuma a watan Agusta 2022, suka ce hujja ba ta isa a gurfanar da ita ba. Ta mutu a Afrilu 2023 tana da shekara 88.